Ku Gaya wa Malamarku

A zangon karatun da ya biyo bayan rasuwar yarona ne hedimastanmu ya dawo daga wani taro da aka yi musu a Dutsin-Ma, ya tara mu a ofishinsa, ya ce daga yanzu za a riƙa koya wa yara tarbiyya ta hanyar sana'o'in gargajiya. Mutum ne mai son abin da aka faɗa a taro. Da za a ce musu a taro a riƙa shan ruwa da cokali, to ranar Litinin sai ka iske cokula a ofis. Ya ce duk Alhamis bayan an dawo hutun tara, maza 'yan aji biyar da shida za su koyi tufkar igiya, mata kuma su koyi saƙar faifai. Ya ce ba don igiyar ko faifan ba, don yara su koyi haƙuri da natsuwa da kunya da girmama na gaba. Yana faɗa yana lanƙwasa yatsu.

Ni ina zaune a bakin ƙofa ina kallon wani ƙadangare a jikin bango. A kwanakin nan duk abin da aka ce mini sai in ce to. In an ce in ci abinci, to. In an ce in koma aiki ko zan rage tunani, to. Ba ma tunanin nake yi ba, amma na koma.

"Malama, ke za ki riƙe 'yan matan," in ji shi. "Na kuma samo tsohuwar da za ta koya musu, daga Birchi. Kowa na tambaya ita yake nuna mini."

Ya faɗi gidan da take. Malamar da ke kusa da ni ta dube ni, ta dube shi.

"Ranka ya daɗe, ai mahaifiyarta ce."

"To alhamdu lillahi, abu ya zo gida."

"Ɗiyar fari ce fa."

"Ai shi ya fi," in ji shi. "Yara su gani da idonsu."

Na ce to.

Ni ce ta fari a wurin mahaifiyata. Ana yaye ni Gwaggo, yayar mahaifina, ta zo Birchi ta goya ni ta tafi da ni Dutsin-Ma, inda mijinta yake sayar da hatsi. A can na girma, a can na yi karatu, sai aure da aikin koyarwa suka kawo ni Kurfi. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Ita ba ta taɓa kiran sunana ba. In magana ta kama dole sai ta ce "ta Dutsin-Ma". In na zo hutu na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon murhu. In tana son in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa waccan tuwo na hucewa," alhali ina zaune kusa da ita har zanenmu na gogar juna. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Kunyar ɗan fari ce, kuma a wajenmu da ita ake yabon mace. Na tashi ina jin mata suna cewa duk Birchi babu mai kunya irin ta Yaya, ni kuma har daɗi nake ji, kamar ni aka yaba.

Da na haihu, namiji, a gidan Gwaggo na yi wanka. Ranar suna Yaya ta shigo ɗakin, ba ta dubi inda nake ba, ta wuce kai tsaye ta sunkuci jaririn.

"Ango, sai yau ka ga damar isowa? Dube shi, mummuna, ko hula bai zo da ita ba."

Tsakanin kaka da jika ai babu kunya. Ta ja masa hanci, ta yi masa rawa a tsakar ɗaki, ta yi masa kirari, ta kira sunansa ta sake kira. Ban taɓa sanin muryarta tana kaiwa haka ba. Bayan na koma Kurfi ta riƙa zuwa a kai a kai, ita da a da sai a shekara ba ta taka gidana ba. Ta zauna a tsakar gida da shi a cinya tana ba shi labarin awakinta, da wanda ya yi aure, da wanda gonarsa ta yi kyau. Ni ina ɗaki ina saurare. A bakin wannan hira tasu na san yawancin abin da na sani game da ita.

Ni ma yadda na ga an yi haka na yi. Ɗan fari ne. In da mutane ba na ɗaukarsa sai zai sha nono, shi ma sai na juya na fuskanci bango. "Yaron nan" nake ce masa. Babu wanda ya sa ni, babu kuma wanda ya hana ni, uwar mijina ma har gaya wa baƙi take yi cewa ta yi dacen suruka. Ya fara zama, ya fara shan koko a wani ɗan kofin silba da babansa ya sayo masa. Da damina zazzaɓi ya kama shi. Da abin ya ƙi sauka muka shiga mota za mu Dutsin-Ma. Motar haya ce, cike da mutane, don haka uwar mijina ce ta riƙe shi, ni ina gefen taga. A cinyarta ya cika, ba mu kai ba.

Ban yi kuka ba. A zaman makoki ina jin mata suna cewa, wannan ɗiya akwai dauriya, ta gado uwarta. Ba dauriya ba ce. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka san taka ce amma ba ka jin taɓin. Yaya ta zo da matan Birchi. Ta yi wa uwar mijina gaisuwa, ta yi wa Gwaggo, ta aika aka yi wa maigidana a zaure, har maƙwabta ta bi ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina sai ta wuce ta zauna a bayan wata. Da za su tafi na ji ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa waccan mun wuce."

Tun daga ranar abu guda nake jira, ta ce mini "ya haƙuri". Kalmomin da mai tallan goro ma ta tsaya a ƙofa ta faɗa mini. Na sa a raina cewa in ita ta faɗa, watakila abin da ya toshe mini ƙirji ya buɗe, in ji zafin da ya kamata in ji. Ban gaya wa kowa ba, don ko na faɗa dariya za a yi mini, a ce boko ta ɓata ta.

Alhamis ta farko ɗan acaɓa ya sauke ta a bakin makaranta da ɗaurin kaba da wani tsohon buhu. Na tare ta na durƙusa.

"Yaya, ina kwana? An zo lafiya?"

"Lafiya lau," ta ce wa buhun.

Muka ture bencina jikin bango, aka shimfiɗa tabarmi. 'Yan matan suka zauna sun kewaye ta, nan take suka sa mata Iya. Ta zazzage buhun, ga ciyawa, ga basilla, ga ƙullin galura ja da kore. Ta ɗaga kaba ta lanƙwasa, ta ji ta bushe. Ina tsaye a kanta, in na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarta. Sai ta dubi yaran.

"Ku gaya wa malamarku a kawo ruwa a bokiti."

Yaranmu kuwa mun riga mun hore su. Duk abin da babba ya ce su faɗa, tashi suke yi tsaye su faɗa baki ɗaya, da wannan jan murya da suke karanta lissafi da shi. Suka miƙe gaba ɗayansu, suka juyo gare ni.

"Malama, a kawo ruwa a bokiti."

Wasu suka ƙyalƙyale da dariya, don su ma sun ga ban yi nisan da za a aiko mini ba. Na ɗauki bokiti na tafi famfo da kaina. Daga ranar haka abin ya zauna. Ku gaya wa malamarku kaba ta ƙare. Ku gaya wa malamarku a buɗe taga. Ku gaya wa malamarku mako mai zuwa kowa ta yanke farce ban da na babban yatsa. Su tashi, su faɗa, su zauna. Da aka yi 'yan makonni dariyar ma ta daina zuwa musu, ya zama wani ɓangare na darasin, kamar jiƙa kabar.

Ta iya koyarwa, wannan ba zan hana ta ba. Sai an jiƙa kaba ta yi laushi, a tsage ta da farce siri-siri, a tattara ciyawa a riƙe, a riƙa naɗe ta da kabar ana soka basilla ana zagayawa. Wurin farawa, can tsakiya, shi ne mai wuya, don haka ita ta fara wa kowace yarinya nata ta miƙa mata. Takan kama hannun yarinya cikin nata ta juya mata yatsu. Takan ce, "Haba ƙawata, wannan riƙon ai na muciya ne." In yarinya ta yi kuskure ta rufe shi da kaba mai launi don kada a gani, Yaya ba ta faɗa. Shafawa take yi da yatsa ta tsaya daidai wurin, ta ce, "Warware. Ranar da aka ɗora masa gero nan zai buɗe." Yarinya ta ɓata rai ta warware. Akwai wata mai taurin kai da ta warware nata har ta yi kuka, Yaya ta jawo ta jikinta ta share mata hawaye da gefen hijabi. Ni ina jingine da allo ina kallo, alli a hannuna.

Aikina shi ne in an kusa tashi in tsaya in fitar da darasi, haka hedimasta ya tsara. In ce, "Yau mi muka koya?" Su ce, "Haƙuri." In rubuta shi da manyan baƙaƙe, su maimaita. Ranar da wata ta soke yatsa da basilla, haƙuri muka koya. Ranar da akuya ta shigo ta cinye mana rabin kaba, shi ma haƙuri. Wani lokaci in canza in rubuta natsuwa don kada allon ya gaji. Hedimasta yakan leƙo ta taga ya ga rubutun ya gyaɗa kai ya wuce wurin masu igiya. Ban san ko yaran sun ɗauki wani abu daga allon ba. Na dai lura sun daina ɓoye kuskure, har a littafin lissafi wata takan kawo mini ta ce, "Malama, nan na ɓata."

In ta gama zagaya yaran sai ta koma wurinta ta ciro nata aikin daga ƙasan buhu. Wani ɗan ƙaramin faifai ne, ja da kore, bai fi tafin hannu ba. Tun ranar farko na gane shi. Zuwanta gidana na ƙarshe kafin rasuwar, ina ɗaki na ji tana ce wa yaron, "Bari in saƙa maka murfi, ango, ƙuda sun ishe ka a koko." Shi ne take saƙawa. Sai ta kai baki, saura ta naɗe ta datse, sai ta warware layi biyu ko uku ta sake. Yaran suka gaji suka tambaye ta.

"Iya, ke naki ba ya ƙarewa?"

"Bai yi ba tukuna."

"Ai ya yi kyau."

"Ku dai ku ji da naku."

Na gani, na kuma san na wane ne, amma ban ji komai ba. Na dai riƙa kauda kai in ta ciro shi.

A gida maigidana yakan tambaye ni duk Alhamis, "Kun gaisa da Yaya?" In ce mun gaisa. Ya ce ko zan je Dutsin-Ma wurin Gwaggo in huta kwana biyu, in ce to, in ƙi tafiya. Shi ya yi kukansa tun a makabarta ya samu sauƙi, yana cin abinci yana jin gishiri. Kayan yaron duk an kwashe an bayar, sai kofin nan da ya rage a saman kwabet, don babu wanda ya ɗauke shi a matsayin kayan yaro. Kullum in na share ɗaki sai in ɗaga shi in goge ƙarƙashinsa in mayar.

Wata Alhamis hadari ya taso ana gab da tashi. Aka kaɗa ƙararrawa da wuri, yara suka watse da gudu, ɗan acaɓarta bai zo ba, ruwa ya sauko. Muka rage ni da ita a aji. Tunda nake ban tuna ranar da muka taɓa zama mu biyu babu na uku ba. Na ce a raina yau ce. Babu wanda za a ji wa kunya, babu mai ji sai kwanon rufi, shi ma ruwa ya cika shi da ƙara.

Ta zauna tana tsage kabar da an riga an tsage. Na goge allon da na riga na goge. Da na ga shirun ya yi yawa na matso na zauna a bakin tabarmar.

"Yaya, ya mutanen gida?"

"Lafiya lau."

"Ya ƙafar taki?"

"Da sauƙi."

Duk taga take gaya wa. Na jira. Wani wuri a rufin yana yoyo, ta miƙa hannu ta jawo bokiti ta tara. Sai na gane ashe in babu na uku ma abin ya fi muni, don babu wanda za ta ba saƙo. Haushi ya taso mini, na ce a raina wace irin mata ce wannan, ɗiyar wani ta yi kuka a kan faifai kin share mata hawaye, taki ta binne ɗa kin kasa buɗe baki. Har na ji daɗin haushin, don an daɗe ban ji wani abu ya motsa a cikina ba. Bai ma daɗe ba ya kwanta. Ruwa ya tsagaita, ɗan acaɓa ya iso a jiƙe, ta ce masa, "Ka ce mata sai wani makon."

Ranar rufe makaranta hedimasta ya gayyaci iyaye. Aka jera kujeru a ƙarƙashin bishiyar bedi, aka ɗauko lasifika, aka shimfiɗa igiyoyi da faya-fayai a kan tebur. Wasu sun karkace, wasu sun yi kamar hula, amma iyaye mata suna ɗagawa suna juyawa suna murmushi. Ya yi dogon bayani a kan tarbiyya, ya lanƙwasa yatsunsa kamar yadda ya saba. Da ya zo kan kunya sai ya kira mu, ni da Yaya, ya ce mu fito gaban mutane. Ta so ta ƙi, mata suka tura ta. Muka tsaya, akwai tazarar mutum ɗaya a tsakaninmu.

"Jama'a, ku dubi wannan baiwar Allah da ɗiyarta ta fari," in ji shi. "Zango guda suna aji ɗaya. Na sa ido, ban taɓa jin ta kira sunanta ba, ban taɓa ganin sun haɗa ido ba. Ita kuma malamar, da Allah ya karɓi ɗanta na fari, waɗanda suka je sun shaida ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Wannan ita ce kunyar da muka gada, ita muke so 'ya'yanmu su ɗauka. Yara, a tafa musu."

Suka tafa, irin tafin makaranta mai ƙa'ida. Iyaye suna ta madalla, wata tsohuwa har da guɗa. Ba da mugunta ya yi ba, bawan Allah, shi a ganinsa kyauta ya ba mu. Ni dai na sunkuyar da kai. Abin da nake gani kawai ƙafafunta ne cikin silifas, duk faso, babu lalle. Yaya da ko ranar aikin gona ba a rasa lalle a ƙafarta. Na yi ƙoƙarin tuna yaushe rabon da in gan shi, sai na ga tun Alhamis ta farko babu.

Da aka watse muka koma aji kwashe kaya. 'Yan matan suka biyo mu, kowace da faifanta a hannu, suna ta surutu. Yaya ta zauna a tabarma ta ciro ɗan nata. Ina tsaye wurin allo ina kallon bayanta, sai wani abu ya faɗo mini wanda duk watannin nan bai taɓa zuwa mini ba. Ranar makokin nan ita ta bi mutane tana yi musu gaisuwa. Ban ga wanda ya yi mata ba. Uwar uwa ce, baƙuwa a gidan, an ɗauka ta zo taya mu ne. Alhali duk gidan babu wanda ya yi hira da yaron nan kamarta, kuma tun daga makokin ba ta sake taka gidana ba, don ba ta da wanda za ta zo wurinsa.

Na buɗe baki zan ce Yaya, harshen ya ƙi. Ashe irin nata ne da ni. Sai na buga tebur da dasta, yaran suka yi tsit.

"Ku ce wa Iya, ya haƙurin jikanta."

Suka dubi juna, sannan suka miƙe kamar yadda suka saba, suka juya gare ta.

"Iya, ya haƙurin jikanki."

Basillar ta tsaya a hannunta. Ba ta ɗago ba.

"Ku ce da godiya."

"Da godiya, Malama."

Ba su zauna ba, don babu wanda ya ce su zauna. Ita kuma ta ci gaba da saƙa. Ta kai baki, inda ta saba warwarewa. Wannan karon ta naɗe ƙarshen, ta soka shi ciki, ta sa haƙori ta datse kabar. Ta juya faifan a tafin hannunta ta shafa shi.

"Ku gaya wa malamarku," in ji ta.

Yaran suna tsaye suna jiran saura. A waje ana ta jan kujeru ana mayarwa ofis. Ta gyara murya, ta sake gyarawa.

"Ku ce mata ya nata haƙurin. Ku ce Allah ya sa mai ceto ne."

Suka juyo gare ni, aji guda, suka ja shi da muryar lissafi, kowace kalma daban.

"Malama, ya naki haƙurin. Allah ya sa mai ceto ne."

Na ce amin. Na ce da godiya. Na ce kowa ta ɗauki faifanta ta tafi gida, Allah ya ba da hutu lafiya.

Abin da na yi watanni ina jira ke nan, ya zo ta bakin 'ya'yan mutane. Na tsaya ina sauraren ƙirjina ko zai buɗe, bai buɗe ba. Yaya ta naɗe tabarma ta jingine, ta ɗaure buhunta. Da za ta fita ta bi ta gaban teburina ta ajiye ɗan faifan kusa da alli, ba ta tsaya ba. A bakin ƙofa ta ce wa yarinyar da ta rage, "A ce mata ta ɗauka."

Na iske gida babu kowa, maigidana bai dawo daga kasuwa ba. Na sauko da kofin daga saman kwabet, na wanke shi, na ɗora faifan a kai. Ya zauna daidai, ko ƙuda ba zai samu hanya ba. Na ajiye shi a tsakiyar ɗaki, na tura ƙofa, na zauna a ƙasa ina kallonsa. Can sai na kira yaron da sunansa, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya zo ya sha koko. Sunan ya yi mini baƙo a baki, sai da na sake faɗa.